Kariyar Keke a Ɗakin Tafi-da-gidanka

A ƙasashen Turai, irin su Ingila da Holan da Jamus da Faransa, mutane da yawa sukan tafi hutu da ɗakinsu a bayan mota. Ɗaki ne mai taya. A ciki akwai gado da wurin girki da ɗan banɗaki. Ba shi da inji, mota ce ke jan sa kamar tirela. Sunansa karaban. Al'adar ta daɗe. A shekarar 1885 wani likita ɗan ƙasar Sikotlan, William Gordon Stables, ya sa aka ƙera masa irin wannan ɗaki don yawon buɗe ido, dawaki suna ja. A 1907 masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu a Birtaniya, mai suna Caravan Club a lokacin, kuma har yau tana aiki.

Idan matafiyi ya isa masauki, sai ya kwance ɗakin daga mota, ya kafa shi. Daga nan keke ya fi mota amfani. Da shi za a je sayen burodi, da shi yara za su zaga gari, ba mai, ba neman wurin ajiye mota. Mutanen Holan ma, da kekuna suka fi mutane yawa a ƙasarsu, da wuya su bar keke a gida. To, amma a ina za a ɗora shi?

Wasu sukan ɗaure shi a saman mota. Wannan ba laifi, sai dai ɗaga keke sama da kai aiki ne, musamman ga dattijo. Wasu sukan shigar da shi cikin ɗakin, ya yi ta gogar kujeru, baƙin man kaca ya ɓata shimfiɗa. Saura wuri biyu: bayan ɗakin da gabansa. Kamfanoni irin su Thule na Suwidin da Fiamma na Italiya suna sayar da kariyar ɗora keke da aka yi don haka, amma da tsada. Shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi sukan haɗa tasu da kansu. Haɗa kariya ba shi da wuya. Wurin da za a ɗora ta shi ne abin lura, don a nan ake samun hatsari.

Yadda ɗakin yake zaune

Mu duba ƙirar ɗakin tukuna. Tayoyinsa suna kusa da tsakiya. Daga ƙarƙashinsa ƙarafa biyu sun miƙo gaba, sun haɗu a wuri ɗaya, sun yi siffar harafin A. Wannan shi ne wuyan ɗaki. A ƙarshen wuyan akwai baki, wanda ke kama wani ƙwallon ƙarfe da ke bayan mota. A Turai faɗin ƙwallon santimita 5 ne.

Duk wanda ya taɓa tura kurar 'yan ga-ruwa ya san sirrin abin. Idan aka tara jarkoki can nesa da mariƙi, sai mariƙin ya yi sama, kura ta ƙi jin magana. Idan aka tara su kusa da mariƙi, sai nauyi ya sauko wa mai turawa a hannu. Haka ɗakin nan yake. Bakinsa shi ne mariƙi, mota kuma ita ce mai riƙewa.

Ana so bakin ya danna ƙwallon mota, amma daidai gwargwado. Ƙa'idar da aka saba bi a Birtaniya ita ce kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin ɗakin, da kayansa duka. Ɗakin da ya kai kilo 1,200, bakinsa ya danna da kilo 60 zuwa 84. Ban da wannan, kowace mota tana da iyakar da kamfaninta ya rubuta a littafinta. Wata kilo 75, wata kilo 100, ƙananan motoci ƙasa da haka. Shi ma bakin ɗakin yana da tasa iyaka. Wadda ta fi ƙanƙanta a cikin biyun, ita ake bi.

Idan nauyin baki ya yi yawa, bayan mota zai durƙusa, gabanta ya ɗaga. Sitiyari ya yi sako-sako, fitilun gaba su riƙa haska idon masu zuwa. Idan kuma ya yi kaɗan, abin ya fi muni. Da an ɗan yi gudu, ko babbar mota ta wuce da iskarta, sai ɗakin ya fara lilo, dama da hagu, yana fizgar motar. Lilon yakan ƙaru har ya kifar da mota da ɗaki gaba ɗaya.

Bayan ɗaki ba wurin keke ba ne

Bayan ɗakin yana da ban sha'awa. Bango ne a fili, ba abin da ya tare shi. Amma ni shawarata ita ce mai haɗa kariya a gida ya bar wurin nan. Dalili na farko shi ne wanda muka gani: nauyin da ke can baya yana ɗaga baki, yana kuma ƙara wa lilo ƙarfi. Na biyu, bangon ba bango ba ne irin na gida. Fallen alminiyam ne ko roba mai ƙarfi daga waje, soso a tsakiya, siririn katako daga ciki. Sukuru ba ya samun abin kamawa. Kowane rami da aka huda kuma ƙofa ce ta ruwan sama, ruwa kuwa yana ruɓar da katakon a ɓoye, sai bayan shekaru a gane. Akwai ɗakunan da kamfani ya ƙarfafa bayansu tun wurin ƙira, ya sa alamar inda za a ɗaura kariya. Waɗannan daban ne. In ba irinsu ba, gaba ya fi.

Ɗan lissafi

Gaba ma sai da lissafi. Ga misali. A ce daga tayoyi zuwa baki mita 4 ne, kekuna kuma za su zauna a kan wuya, mita 3 daga tayoyi. Keke biyu, kowane kilo 15, kariya kilo 10. Jimla kilo 40. Nawa ne zai sauka kan ƙwallon mota? Sai mu ninka 40 sau 3, mu raba da 4. Amsa kilo 30. Sauran kilo 10 tayoyin ɗakin ne suka ɗauka.

Idan da ma baki yana danna kilo 60, yanzu ya zama 90. Motar da iyakarta 75 ce an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta da kilo 15. Maganin shi ne a rage kaya a akwatin gaba, inda ake ajiye tukunyar gas da tarkace, a mayar da masu nauyi ƙasa, daidai kan tayoyi. Tukunyar gas dai ba a shigar da ita cikin ɗaki, amma in biyu ce ana iya barin ɗaya a gida. In ya ƙi, keke ɗaya ya koma saman mota. Kada a ce za a kai kaya masu nauyi can ƙarshen baya don su ɗaga baki. Sikeli zai nuna daidai, amma nauyi a gaba, nauyi a baya, tsakiya fayau, yana cikin abubuwan da suka fi haddasa lilo.

A tuna kuma kekuna ba nauyinsu ɗaya ba. Keke mai batir yakan wuce kilo 20. A cire batirin a ajiye a mota, a auna keken kafin a yi lissafi.

Haɗa kariyar

Kayan aikin kaɗan ne, galibi akwai su a wurin mai walda ko a kasuwar tsofaffin ƙarafa: ƙarfe mai kusurwa huɗu marar kauri sosai, da ƙarfe mai kwari wanda tayar keke za ta zauna a ciki, da noti mai siffar harafin U guda huɗu, da tsohon tub na keke, da igiyar ɗaure kaya, da fenti mai hana tsatsa.

Da farko a auna. A yanka ƙarfe biyu, a gitta su a kan wuyan ɗakin, ɗaya gaba ɗaya baya. Su ne ƙafar kariya. A kansu a ta da gajerun ginshiƙai, tsawon da zai sa kekuna su haye abubuwan da ke kan wuyan. A saman ginshiƙan a shimfiɗa ƙarfe mai kwari guda biyu, ɗaya don kowane keke. Kekuna a gicciye za su tsaya. Tsawon keken babba bai kai mita 2 ba, faɗin ɗakin kuwa yakan wuce mita 2, saboda haka ba abin da zai leƙo waje. Daga ɓangaren ɗakin a ta da wani ƙarfe mai siffar ƙofa, wanda ya kai tsayin sirdi. A jikinsa za a ɗaure firam ɗin keke. Kada a yi ƙyashin wannan ƙarfen. Keken da aka ɗaure ta taya kaɗai zai yi ta rangaji har ya lanƙwasa tayar.

Ga dokar da ba a karya ta: ba a huda wuyan ɗaki, ba a yi masa walda. Kamfanonin da ke ƙera shasin waɗannan ɗakuna, irin su AL-KO na Jamus, sun hana. Rami yana raunana ƙarfe, kuma daga bakin rami tsagewa ke farawa. Ƙarfen wuyan an lulluɓe shi da tutiya don kada ya yi tsatsa. Wutar walda tana ƙone tutiyar, hayaƙinta kuma yana sa mai walda zazzaɓi da ciwon ƙirji. Ga tukunyar gas a kusa. Don haka a gama duk walda can nesa, a kankare, a yi fenti, ya bushe, sannan a kawo kariyar a ɗora.

Da notin nan mai siffar U za a kama ta. A yanka tub, a shimfiɗa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su goge juna. A sa washa, a ɗaure da noti mai roba a ciki, wanda girgiza ba ta kwance shi. In babu, a sa noti biyu, ɗaya kan ɗaya. A lura da wayar fitilu da sandar birki da ke bi ta wuyan, kada a matse su.

Akwai abubuwa a kan wuyan nan da dole hannu ya kai gare su ko da kekuna suna sama: birkin hannu, da mariƙin ƙaramar tayar gaba da ake ɗaga baki da ita, da wayar ƙarfe da ke jan birki idan ɗakin ya tsinke daga mota. Bakin kansa yana ɗan shiga yana fita, da haka yake taka wa ɗakin birki idan mota ta rage gudu. Kada wani ƙarfe ya tokare shi. Ƙofar akwatin gas kuma ta buɗu cikin sauri, don a iya rufe gas in wani abu ya faru.

Wajen ɗorawa, keke mai nauyi ya zauna kusa da ɗakin. Na biyu ya juya, kansa wajen sirdin na farko, don kada kawunansu su sarƙe. Kowane keke a ɗaure shi wuri uku: tayar gaba, tayar baya, da firam. Inda feda ke taɓa wani abu, a naɗe ta da tsumma ko a kwance ta da sifana. Kwando da famfo da fitila a cire su.

Aunawa da gwaji

Lissafi ba ya maye gurbin sikeli. Akwai ma'auni na musamman, amma sikelin da mutum ke hawa ya auna kansa ya isa. A tsayar da ɗakin a daidaitaccen wuri, ba gangare, da dukkan kayan tafiya da kekuna a kai. A sa wa tayoyi waigi, a ɗage ƙafafun da ke kusurwoyin ɗakin. A ajiye sikeli a ƙarƙashin baki, a shimfiɗa masa ɗan katako, a tsayar da guntun itace tsakaninsa da bakin. A yanka itacen yadda bakin zai tsaya daidai tsayin ƙwallon mota, wato wajen santimita 35 zuwa 42 daga ƙasa. Sai a ɗage ƙaramar tayar gaba a hankali har nauyi ya sauka kan itacen, a karanta. Ƙafa da hannu su yi nesa da ƙarƙashin baki.

Bayan haka a tafi fili da mota. Mutum ɗaya ya tsaya a waje yana kallo, direba ya karya kwana har ƙarshe, dama da hagu, gaba da ribas, sannu a hankali. A nan ake gane ko tayar keke za ta taɓa bayan mota. In ta kusa, a matsar da kariyar baya, ko a ƙara mata tsawo. Gara a gane haka a fili da a gane a gidan mai, gilashin baya ya riga ya fashe.

Ranar tafiya, bayan an ɗan yi nisa, a tsaya a taɓa kowace igiya da kowane noti. Sabon ɗauri yakan saki. Gudu kuma da iyaka. A Birtaniya mai jan ɗaki ba ya wuce mil 60 a awa a manyan hanyoyi, wato kusan kilomita 96, a ƙananan hanyoyi kuma mil 50, wato kilomita 80. Idan lilo ya fara, kada a taka birki da ƙarfi, kada kuma a ƙara wuta. A ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, har gudu ya ragu ɗakin ya natsu. Sannan a sauka gefen hanya a gyara kaya.

Irin wannan ɗaki bai yawaita a ƙasar Hausa ba, amma ƙananan tireloli masu taya biyu suna nan, na janareta da na tankin ruwa da na kayan gona. Dokar nauyin ɗaya ce. Mai karatu, ga aikin gida: keke biyu da kariya sun kai kilo 48, suna mita 3 daga tayoyi, baki kuma yana mita 4. Lissafa abin da zai sauka kan ƙwallon mota, ka rubuta a littafinka.