Amsoshin Tambayoyinku: Aiki Mai Cin Lokaci a Shafin Intanet

Wani mai sauraronmu da ke koyon rubuta manhaja ya tambaya: yaya shafin intanet zai yi aiki mai cin lokaci, kamar sarrafa bidiyo, ba tare da ya shanya mutane suna jira ba?

To malam, a raba karɓar aiki da yin sa. Sabar da ke amsa buƙatun jama'a ma'aikatanta ƙidayayyu ne, haƙurinta kuma kaɗan. Misali, a manhajojin sabar, idan ba a sauya tsari ba, Gunicorn kan kashe ma'aikacin da ya yi shiru na daƙiƙa 30, Nginx kuma ya yanke jira bayan daƙiƙa 60. Saboda haka shafin ya ajiye aikin a layin jira irin RabbitMQ, ya mayar da lambar 202, wato an karɓa amma ba a kammala ba, sannan wata manhaja kamar Celery ta ɗauka. Tela ma ai karɓar yadi yake, ya sa maka rana.

Wasu za su ce wannan ɗawainiya ce, me zai hana sabar ta yi aikin a gefe da kanta? Idan aiki ne da ɓatansa ba asara ba ne, suna da gaskiya. Amma da an sake kunna sabar, aikin ya bi ruwa. Layin jira kuwa, in an tsara shi daidai, yakan riƙe shi a sake gwadawa. Sai dai hakan kan sa aiki ya gudana sau biyu, don haka a rubuta shi yadda maimaici ba zai ciri kuɗin mutum karo biyu ba.