Wutar Lantarki Daga Hasken Rana

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, jama'a suka saba jiran wuta daga babban layin ƙasa. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, sai shayar da janareta ya gagari magidanta da yawa. Shi ya sa a Gwarinpa, cikin Abuja, ake ganin farantan sola bisa rufin gidaje.

Farantin yana mai da hasken rana lantarki, batir kuwa ya adana domin dare. Amma ƙurar hunturu takan rage ƙarfinsa. Lalle ne a riƙa wanke shi da sassafe, kafin ya ɗauki zafi. Kada kuma a ɗora wa ƙaramin batir dutsen guga, domin zai mutu tun lokacinsa bai yi ba.