Binciken da aka yi da kuɗin jama'a, don me za mu sake saye?

Lokacin da nake rubuta furojet ɗina na HND, na ci karo da wata maƙala a kan busar da tumatir da zafin rana, daidai abin da nake nema. Na karanta taƙaitaccen bayaninta, na danna don ganin sauran, sai aka ce in biya dala talatin da wani abu. Ni da kuɗin garin kwaki ma ke gagara a ƙarshen wata! Na rufe shafin, na haƙura.

Daga baya na gane cewa mai ba da kuɗin bincike ya fi kowa ikon gyara wannan, don malami ba ya tsallake sharaɗin wanda ya ba shi tallafi. A Amurka, a 2008 hukumar binciken lafiya ta NIH ta wajabta wa masu karɓar tallafinta su ajiye maƙalunsu a rumbun PubMed Central cikin wata 12 da bugawa, kowa ya karanta kyauta. A 2018 wasu hukumomin Turai suka fito da Plan S, suka ce jiran ma babu.

Sai dai akwai tarko. Mujallu da yawa sun sauya salo: mai karatu ba ya biya, marubuci ne zai biya, wani lokaci dubban daloli kan maƙala ɗaya. To malamin poli a Kazaure ko Kaura Namoda, ina zai samo su? Shi ya sa tsarin Brazil ya fi kwanta min. Can hukumar FAPESP ta zuba kuɗi a dandalin SciELO tun ƙarshen shekarun 1990, mujallun ƙasar suka samu gida a intanet.

A nan, TETFund ce ke tallafa wa binciken malamanmu. A ganina, ta sa sharaɗi: duk wanda ya karɓa, ya ajiye aikinsa a buɗaɗɗen rumbun makarantarsa, ta kuma riƙe mujallunmu na gida da kuɗi kai tsaye.

Kafin nan, in aka tare ku da farashi, ku leƙa DOAJ da AJOL, ko ku aika wa marubucin imel. Ni dai na aika, bayan kwana uku ya turo min.