Rigakafin Sankarar Bakin Mahaifa a Gaɓar Tafkin Kainji

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, kogin Kwara ya malale ƙauyuka da dama a ƙasar Yawuri, aka sake wa dubban mutane matsuguni, har ya zamana a yau wani sashe na jama'ar ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga, musamman Gungawa da Sarkawa masunta, suna zaune a gungaye da tungaye waɗanda ba a isa gare su sai da jirgin ruwa. Ma'aikacin lafiyar da ya yi aiki a wannan gaɓa ya san cewa samun mace ta zo asibiti karon farko bai kai wahalar samun ta dawo karo na biyu ba, domin kowane zuwa yana cin kuɗin jirgi da yini guda na sana'a, kuma yana bukatar izinin maigida. Don haka ya kamata a auna kowane shirin rigakafi a yankin da yawan zuwan da yake nema daga mutum.

Sankarar bakin mahaifa, wato ciwon daji da ke kama ƙasan mahaifa inda ta haɗu da farji, kusan dukkanta tana samuwa ne daga ƙwayar cutar da ake kira HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa, wadda kuma ta yaɗu ƙwarai har mafi yawan ma'aurata sukan gamu da ita a wani lokaci na rayuwarsu ba tare da sun sani ba. Yawanci jiki yakan kawar da ita da kansa, amma idan ta zauna, sai ta riƙa sauya fatar bakin mahaifa a hankali cikin shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Nau'i biyu, na 16 da na 18, su ke haddasa kimanin kashi 70 cikin ɗari na cutar. Ƙididdigar 2020 ta nuna cewa mata kusan 12,000 ne suka kamu da ita a Najeriya a shekarar, kusan 8,000 kuma suka rasu.

A ranar 24 ga Oktoba, 2023, Najeriya ta shigar da allurar HPV cikin jerin rigakafin da ake yi kyauta, aka fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma Jihar Kebbi tana cikin rukunin farko na jihohin da aka soma da su. Abin da ya fi dacewa da mutanen bakin ruwa a wannan shiri shi ne allura ɗaya tak ake yi, bisa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2022 cewa ɗayar tana ba da kariya mai ƙarfi. Ana iya gane girman wannan sauƙi idan aka kwatanta da allurar zazzaɓin cizon sauro ta R21, wadda aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024, domin ita sai an kai yaro sau huɗu, yana wata 5 da 6 da 7, sannan yana wata 15, kuma a tsakanin ta uku da ta huɗu iyalin masunci kan iya bin kifi su koma wata tungar.

Sai dai allura ɗayar ma ba ta kai kanta. Dole a riƙe ta cikin sanyin da bai fita daga digiri 2 zuwa 8 ba tun daga ma'ajiya har zuwa dantsen yarinya, abin da ke nufin akwatin ƙanƙara da man jirgi da rigar ruwa ga ma'aikata, kuma duk wanda ya tuna hatsarin jirgin da ya halaka mutane da yawa kusa da Wara a Mayun 2021 ba zai ɗauki rigar ruwan a matsayin ƙawa ba. Shirin da ya tsaya a makarantun boko kaɗai kuwa zai tsallake yarinyar da ke talla ko ƙyafe kifi, alhali ita ce ta fi kusa da aure, allurar kuma ta fi amfani idan an yi ta kafin a fara saduwa. Ranakun kasuwar Yelwa da Wara, da makarantun Islamiyya, da ƙofar sarkin ruwa, sun fi tara irin waɗannan yara.

Jita-jitar cewa rigakafi yana hana haihuwa tsohuwa ce, ita ce ta dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, kuma ƙasashen da suka fara allurar HPV tun 2006 ba su ga wannan illa ba.

Allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta ɗauki ƙwayar, saboda haka matan da suka kai shekara 30 gwaji ne abin da ya shafe su, masu ɗauke da ƙanjamau kuma tun daga 25. Gwaji mafi sauƙi shi ne ma'aikaciya ta shafa ruwan khal mai rauni a bakin mahaifa, ta duba da fitila bayan minti ɗaya, inda wurin da ya fara lalacewa yakan yi fari, kuma idan ƙarami ne ana iya ƙona shi nan take da wata 'yar na'ura mai aiki da batir. Gwajin da aka yi ba tare da wannan na'ura a kusa ba rabin aiki ne, domin takardar tura majiyyaciya zuwa Birnin Kebbi sau da yawa a ƙasan akwati take ƙarewa.

Akwai kuma wani ruɗani da ya keɓanta da mazauna bakin ruwa. Tsargiya, wadda ake ɗauka daga ruwan da ke da katantanwa masu ɗauke da tsutsarta, tana kama al'aurar mata har ta sa zubar jini bayan saduwa, alamar da ita ce kuma ta sankara. Mace takan ce tsargiya ce ta yi shiru, ma'aikaciyar da ba ta ƙware ba kuma tana iya ɗaukar tabon tsargiya a matsayin farkon sankara. Maganin tsargiya ƙwayar praziquantel ce, amma sankarar da ta yi nisa sai tiyata ko gashi a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

Saboda haka ana kira ga magidanta da hakimai da limamai su tabbatar an yi wa duk yarinyar da ta cika shekara 9 allurar, su kuma bai wa duk matar da ke ganin jini bayan saduwa, ko bayan ta daina al'ada, izini da kuɗin jirgi ta je a duba ta ba tare da jiran ranar gangami ba.