Yadda Ake Tantance Bayanin Kayan Aikin da Aka Rubuta wa Wakilin AI

Tun watan Yunin 2023, lokacin da OpenAI ya ba masu haɗa manhaja damar jona ayyukansu da ƙirƙirarriyar basira (AI), wannan fasaha ta wuce hira kawai, ta fara aike. A Nuwamban 2024 Anthropic ya fito da tsarin MCP, wanda ya sauƙaƙa jonawar. Sai dai wakilin AI ba ya leƙa cikin kayan aikin da aka miƙa masa. Abu uku yake gani: suna, bayani, da guraben da zai cike. Da su yake yanke hukunci.

A ce wani matashi a Unguwar Tudu ya haɗa wakili a WhatsApp domin manoman Gwarzo da Kabo su riƙa tambayar farashin masara, dawa da waken soya. Ya ba shi kayan aiki biyu, ɗaya na farashin yau, ɗaya na farashin baya. Ga yadda zai gane ko bayanin da ya rubuta ya yi kyau.

Da farko ya miƙa bayanin ga wanda bai san manhajar ba, ya tambaye shi: me wannan yake yi, yaushe ake amfani da shi, me yake dawowa da shi? Wakilin tamkar sabon yaron shago ne da aka aika kasuwa da 'yar takarda, babu wanda zai tambaya a hanya. Idan mutum ya yi inda-inda, wakilin ma zai yi, amma shi ba zai nuna ba, cankar amsa zai yi.

Daga nan sai guraben, kuma nan ne aikin yake. Gurbin da aka rubuta wa "adadi" kawai tarko ne: buhu ake nufi, ko tiya, ko kilo? Kuɗin fa, naira ne ko sefa, tunda 'yan kasuwar Maraɗi ma suna sayen hatsi a Dawanau? Kwanan wata ma haka. 03/04/2025 a Najeriya 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris, shi ya sa ake tilasta tsarin shekara, wata, rana. Sunan wuri ya fi su duka rikici. Akwai ƙaramar hukumar Tudun Wada a kudancin Kano, akwai unguwar Tudun Wada a cikin birnin, akwai wata a Zariya. Bayani nagari zai nemi ƙaramar hukuma da jiha, ko ya lissafa kasuwannin da aka yarda da su, kamar Getso da Dawanau, ya ce kada a saka wata.

Mataki na uku gajere ne. A ajiye bayanan biyu gefe da gefe, a duba ko kowanne ya faɗi lokacin da bai kamata a kira shi ba.

Duk wannan karatu ne. Ainihin gwajin shi ne a sa wakilin aiki. Mai dubawa ya tara tambayoyi kamar 30 ko 40 daga bakin manoman kansu, da irin rubutunsu na waya: babu lanƙwasa, Hausa gauraye da Turanci, "nawa ake saida masara yau". Ya sa har da tambayoyin da ba su buƙatar kayan aiki ko ɗaya, kamar gaisuwa, domin wakilin da ke garzayawa neman farashi don an ce masa sannu shi ma ya faɗi. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tana auna irin wannan kamewa a jadawalinta na gwada kiran kayan aiki. Kowace tambaya a maimaita ta sau da yawa, don amsar wakili takan sauya. A ƙirga abu uku: ya zaɓi kayan da ya dace, ya cike guraben daidai, ya fahimci abin da aka dawo masa da shi? Wasu masu haɗa manhaja a ƙirgen suke tsayawa, alhali cikin rubutaccen tarihin hirar ne ake ganin jumlar da ta ɓatar da shi.

Idan an gano laifi, a gyara jumla ɗaya, a sake gwadawa. Wasu tambayoyin kuma a ɓoye su sai ƙarshe, gudun kada a ɗinka bayanin daidai jarrabawar. Saƙon kuskure ma a duba shi: "ba a san wannan kasuwa ba, zaɓi Getso ko Dawanau" yana mai da wakili kan hanya, lamba zalla kuwa ba ta gaya masa komai.

Kayan aikin da aka ɗauko daga wani wuri yana buƙatar ƙarin bincike. A Afrilun 2025 kamfanin Invariant Labs ya nuna ana iya ɓoye umarni cikin bayanin kayan MCP, wakili ya bi, mai waya bai gani ba. Don haka a karanta bayanin gaba ɗayansa kafin a jona, a sake karantawa duk lokacin da aka sabunta shi, kuma duk kayan da ke tura kuɗi a sa wakilin ya jira amincewar mai asusun.