Zaɓen 'Yan Kwamitin Makaranta: Abin da ya Shafi Hakimi da Malaminsa

A Amurka da Kanada, wanda ke son zama cikin majalisar kula da makarantun gundumarsa sai ya tsaya takara kamar mai neman kansila. A buga sunansa a takardar ƙuri'a, ya zaga ya nemi goyon baya, ranar zaɓe a ƙidaya. A Ingila kuwa iyayen yara su ke zaɓen wakilansu cikin majalisar makarantar da 'ya'yansu ke ciki. A Jihar Kaduna ba a kafa akwatin ƙuri'a saboda makaranta. Abin da a ke da shi shi ne Kwamitin Gudanar da Makaranta, wanda ma'aikatan ilmi ke taƙaita sunansa su ce SBMC. Shi ma da zaɓe a ke shiga, sai dai zaɓe ne na taron unguwa, kuma nan ne hannun Hakimi ke iya gyarawa ko ɓatawa.

Asalin abin

Zamanin Gwamnatin Jihar Arewa, Dokar Ilmi ta 1962 ta danƙa makarantun firamare ga hukumomin ilmi na ƙasa ƙasa, yawancinsu a hannun En'e. Daga nan aka sami haruffan LEA waɗanda har yau a ke kiran makarantun gwamnati da su a Kaduna. A lokacin nan Hakimi shi ke tara yara a kai su makaranta, uba ya so ko bai so ba. Cikin 1976 aka buɗe shirin ilmin firamare ga kowa, aka kuma kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e. Yara suka yi yawa ƙwarai, makaranta kuwa ta zama tamkar marainiya, kowa na cewa ta Gwamnati ce.

Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta, watau 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Sa'an nan cikin 2005 da 2006 Majalisar Ilmi ta Ƙasa ta tsai da shawara kowace makaranta ta sami kwamitinta. Daga 2008 zuwa 2017 shirin ESSPIN, wanda Gwamnatin Ingila ta ɗauki nauyinsa, ya horar da kwamitoci a Kaduna da waɗansu jihohi 5.

Su wa ke zama cikinsa

Kada a ruɗa shi da ƙungiyar iyaye da malamai. Waccan ta masu 'ya'ya a makaranta ce kaɗai, wannan kuwa na unguwa ne duka. Akwai kujerar masu sarauta, da ta malaman addini, da ta iyaye, da ta mata, da ta tsofaffin ɗalibai, da ta masu sana'a, da ta malaman makaranta. Har yara biyu ke zama, namiji da mace. Hedimasta shi ne magatakarda. Ba albashi, ba kuɗin zama.

A ɗauki Unguwar Shanu misali, ɗaya daga cikin mazaɓu 12 na Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa. Unguwa ce ta birni mai cunkoso, ga 'yan asali ga masu haya, ga Musulmi ga Kirista, tana maƙwabtaka da Abakwa. A ƙauye Dagaci ya san kowa da ubansa. Nan kuwa mai unguwa na iya shekara bai san wanda ya tare a bayan gidansa ba, alhali 'ya'yan mutumin nan uku suna makaranta. In aka kira taro ta bakin fadawa kaɗai, masu gidaje za su zo, masu haya ba za su ji ba, a wayi gari kwamiti ya zama na tsofaffin unguwa waɗanda jikokinsu ke makarantar kuɗi. Saboda haka ya kamata a yi shela a masallatai da coci-coci da kasuwa, a kuma ba yara saƙo su kai gida, da sauran kwanaki kafin taro.

Wanda ke neman kujera

A ce wani tela ya zo gaban Hakimi ya ce yana son wakiltar masu sana'a. Amsa ita ce ya koma ga 'yan'uwansa teloli da kafintoci da magina, gama su ke da kujerar, su ne kuma za su fid da wanda su ke so. Hakimi ba ya naɗa shi, ba ya kuma hana shi. Amma yana da kyau a tambaye shi abu biyu a gaban jama'a. Na fari, yaushe rabonsa da shiga harabar makarantar? Wanda bai san ajin da ke yoyo ba, bai san ko akwai ban ɗakin 'yan mata ba, bai shirya ba tukuna. Na biyu, yana da niyyar neman kwangila a makarantar? Kafinta mai zama cikin kwamiti, wanda kuma shi za a ba aikin benci, ya zama kura ce aka ba ajiyar nama, ko da shi mutumin kirki ne. Bakin mutane ba zai bar shi ba.

Tambayar nan ta biyu ba ta banza ba ce, domin kuɗi kan bi ta hannun kwamiti. Daga 2015 shirin taimakon ilmi na NIPEP ya riƙa aika tallafi kai tsaye cikin asusun makarantun firamare a Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato. Cikin 2020 Bankin Duniya ya amince da shirin AGILE na karatun 'yan mata, Kaduna na cikin jihohi 7 na farko, shi ma ya bi da kuɗin gyaran makarantu ta hannun kwamitoci. Tun da aka ji haka, kujerar da dā a ke roƙon mutum ya karɓa ta sami masu zawarci, har da 'yan siyasar mazaɓa.

Mai neman kujera ya sani kuma ikon kwamiti yana da iyaka. Ba ya ɗaukar malami, ba ya korarsa. Wannan aikin Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta Jiha ne. Abin da ya ke yi shi ne ya lura da zuwan malamai da na yara, ya tsara bukatun makaranta na shekara, ya bi gida gida don yaran da suka daina zuwa, ya kai kuka ga Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma. Wanda ya yi wa jama'a alkawarin zai kori hedimasta ya yi alkawarin abin da ba shi da shi.

Ranar taro

Wahalar Hakimi a nan ita ce girmansa. In yana zaune, ba talakan da zai ɗaga hannu ya ƙi wanda ya ke tsammani Hakimi na so, ko da Hakimi bai ce uffan ba. Dabarar da ta fi ita ce ya buɗe taro, a yi addu'a, ya bayyana dalilin zama, sa'an nan ya tashi ya bar kowane rukuni ya keɓe ya zaɓi nasa. Mata su yi nasu zaman dabam, a lokacin da ya dace da aikin gida. In aka bar maza su faɗi sunan wakiliyar mata, matar wani babba za a kawo, ta zauna shekara ba ta buɗe baki ba. Bayan an cika kujeru, 'yan kwamiti su zaɓi shugaba da ma'aji a tsakaninsu. Bai kyautu shugaba da ma'aji su fito gida ɗaya ba.

Malamin Hakimi ya rubuta ranar taro, da yawan maza da mata da suka halarta, da sunan kowane ɗan takara, da hannu nawa ya samu, har da wanda ya faɗi. Ya rubuta ranar da wa'adinsu zai cika bisa ƙa'idar Jiha, gama kwamitin da ba a san ranar saukarsa ba sai ya zama gado. A karanta takardar a kunnen jama'a kafin a watse. A yi ta kofi uku: ɗaya ga hedimasta, ɗaya ga Sakataren Ilmi, ɗaya a ajiye cikin fayil a ofishin Hakimi.