Yadda Ake Bi Ta Kwalejin Fasaha Zuwa Digirin Injiniya A Zamfara

Ɗalibin da ya gama sakandare a Magami, ko Tsafe, ko Bunguɗu, yana da burin zama injiniya, hanyoyi biyu ne a gabansa: ko dai ya nemi gurbi a jami'a tun daga ajin farko ya yi shekara 5, ko kuma ya fara da kwalejin kimiyya da fasaha, wadda ake kira foliteknik, ya yi ƙaramar difloma ta shekara 2, sannan ya shiga jami'a daga aji na biyu. Hanya ta biyu ta fi tsawo da shekara guda, amma ita ce ta fi dacewa da halin yaran karkara da yawa, musamman waɗanda karatunsu na kimiyya ya yi rauni saboda ƙarancin malamai da kayan gwaji, da kuma yankewar karatu irin wadda aka gani a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe makarantun jihar saboda matsalar tsaro. Sai dai hanya ce da ake shirya mata tun daga ranar farko, domin mafi yawan abin da ke hana ɗalibi ƙarasawa yana faruwa ne tun kafin ya fara tunanin jami'a.

Matakin farko shi ne sakamakon sakandare. Ana bukatar kiredit 5 a jarrabawar WAEC, ko NECO, ko NABTEB ta makarantun koyon sana'a, kuma dole su haɗa da Turanci da lissafi da fizik da kemistiri. Abin lura a nan shi ne ko da kwaleji ta karɓi ɗalibi da wani giɓi a takardarsa, jami'a za ta sake duba wannan takarda bayan shekara biyu, kuma difloma ba ta rufe rashin kiredit a fizik ko Turanci; saboda haka wanda ke da giɓi gara ya sake zama jarrabawar tun yana ajin farko na kwaleji, kafin darussan sakandare su dushe a kansa.

Daga nan sai rajistar jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978 domin tsara shiga manyan makarantu. Tun daga 2021 ba a yin wannan rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma jarrabawar da kwamfuta ake yin ta, abin da ke sa yaron Magami ya hau hanyar Gusau fiye da sau ɗaya kafin ya kammala. A 2024 mafi ƙarancin makin da aka amince da shi na shiga jami'a 140 ne cikin 400, na foliteknik kuwa 100, ko da yake sassan injiniya na manyan jami'o'i sukan nemi abin da ya zarce haka nesa ba kusa ba. A cikin jihar akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, da kuma ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, mallakar gwamnatin jiha. Wanda ya samu hali yakan nemi ta Kaduna. Kafin a biya ko sisi, wajibi ne a tabbatar da abu biyu: cewa hukumar NBTE, wadda ke kula da ilimin fasaha tun 1977 kuma hedkwatarta ke Kaduna, ta amince da ainihin kwas ɗin da za a karanta, sannan cewa gurbin ya fito ta shafin JAMB, ɗalibi ya karɓe shi a can ya buga takardarsa. Gurbin da makaranta ta bayar ta bayan fage yakan zama ƙarfen ƙafa ranar da aka zo neman jami'a ko bautar ƙasa.

Zaɓen fanni ma a nan ake yin sa, kuma da wuya a sauya shi daga baya, domin jami'a tana karɓar mai difloma ne a fannin da ya karanta ko makusancinsa: mai diflomar injiniyan lantarki ya shiga sashen lantarki, mai ta gine-gine da hanyoyi ya shiga nasa.

Shekaru biyun difloma zango huɗu ne, kuma a cikinsu ne ribar wannan hanya take. Ɗalibin kwaleji yana kama kayan aiki tun a zangon farko. A ɗakin ƙere-ƙere akan miƙa masa guntun ƙarfe da magagari, a ce ya goge fuska ɗaya har ta miƙe sarai, malami ya ɗora ma'auni a kai ya ɗaga shi wajen haske, in haske ya ratsa ta ƙarƙashi a mayar masa ya ci gaba. Daga nan ya koyi walda da sarrafa injin sassaƙar ƙarfe da zanen injiniya, wato zana abu da ma'auninsa yadda wani zai ƙera shi ba tare da ya yi tambaya ba. Mai karatun gine-gine kuwa yakan kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa bisa awo, ya zuba kankaren a ƙaramin akwatin ƙarfe mai faɗin milimita 150, ya jiƙa curin a ruwa, sannan a murƙushe shi da inji bayan kwana 7 da kuma kwana 28 domin a san nauyin da zai iya ɗauka. Wanda ya ga curin da aka cika wa ruwa wajen kwaɓi ya fashe da wuri ba ya bukatar a sake yi masa bayanin dalilin rushewar gini. Bayan shekarar farko akwai horon aiki na kimanin wata huɗu, wanda ake kira SIWES, ƙarƙashin kulawar asusun ITF, inda ɗalibi ke zama a ma'aikatar ayyuka, ko kamfanin gini, ko tashar lantarki, yana rubuta abin da ya yi kullum a littafin da shugaban wurin ke sa wa hannu.

Duk da haka, abin da jami'a ke dubawa shi ne matsakaicin maki na zangunan huɗu gaba ɗaya, wanda ake lissafawa a kan 4.00. Daga 3.50 zuwa sama shi ne matakin zarra, daga 3.00 zuwa 3.49 kiredit na sama, daga 2.50 zuwa 2.99 kiredit na ƙasa. Sassan injiniya da yawa ba sa sauraron abin da ya gaza kiredit na sama, kuma da yake lissafin tarawa ake yi, wanda ya yi sakaci a zangon farko, lokacin da yake fama da neman ɗaki da sabon wuri, zai shafe sauran ukun yana cike rami. A nan ne tsarin Najeriya ya bambanta da na Amurka, inda kwalejojin al'umma na shekara biyu, waɗanda suka samo asali tun daga ta Joliet a jihar Illinois a 1901, sukan ƙulla yarjejeniya da jami'o'i a kan darussan da za a ƙirga wa ɗalibi ɗaya bayan ɗaya idan ya koma can. A Najeriya diflomar dunƙule ake auna ta, kuma gurbin bai zama alkawari ba ko ga mai kyakkyawan sakamako. Wannan rashin tabbas nakasu ne a tsarin, kuma yaran talakawa ne suka fi ɗanɗana shi.

Idan sakamako ya fito, sai a sayi fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB, wanda ba ya bukatar sake zama jarrabawar da aka yi tun farko, a zaɓi jami'a irin ta Ahmadu Bello da ke Zariya, ko ta Bayero da ke Kano, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, bayan an karanta sharuɗɗan sashen na wannan shekarar, domin sukan sauya. Sannan a nemi kwaleji ta aika wa jami'ar da cikakkiyar takardar sakamako mai ɗauke da makin kowane darasi. Wannan aiki yakan ɗauki lokaci, kuma guraben shiga kai tsaye kaɗan ne, ana raba su tsakanin masu difloma da waɗanda suka yi IJMB, wato karatun share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi; don haka wanda ya jira sai an kusa rufe tantancewa ya makara. Suna da ranar haihuwa kuma dole su zama iri ɗaya a kowace takarda, tun daga NIN har difloma.

Wanda ya dace yakan fara daga aji biyu, ya yi shekara 4. A nan yakan fi abokan karatunsa sabo da ɗakin ƙere-ƙere da zane, amma yakan same su sun riga shi nisa a lissafi mai zurfi da suka yi a ajin farko, saboda haka watannin da ke tsakanin gama difloma da shiga jami'a a kan littafin lissafi ya kamata su ƙare. Ta fuskar kuɗi, asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, ya shafi ɗaliban kwalejojin gwamnati da na jami'o'i, kuma mai difloma yana da sana'ar da zai riƙa taɓawa a lokacin hutu, kamar haɗa wayar gida ko kafa farantan sola.

Wanda bai samu gurbi ba yana da wata ƙofa: ya yi shekara guda ta horon aiki, ya koma kwaleji ya yi babbar difloma ta shekara 2, wadda wasu jami'o'i ke karɓar mai ita a aji uku. Bambancin takardun yana bayyana ne wajen hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970 domin rajistar masu aikin injiniya, inda mai ƙaramar difloma, da mai babba, da mai digiri kowa ke da rukuninsa, kuma mai digiri daga sashen da hukumar ta amince da shi ne ke neman rajista a rukunin injiniyoyi kai tsaye, bayan ya yi bautar ƙasa ya kuma tara shekarun gogewa a bakin aiki ƙarƙashin wanda ya riga shi rajista.